George Balanchine: rawar tasa ce, ko ta waɗanda suka taka ta?

Hauwa_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya. Ƙanwata ta turo min wani bidiyo na YouTube, rawar Turawa irin wadda mata ke tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, wadda ake ce wa bale. Sunan rawar Serenade. Mata 17 a tsaye cikin dogayen riguna masu ruwan shuɗi, kowacce ta ɗaga hannun dama kamar mai kare idonta daga hasken wata. Na kalla har sau uku. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a ƙasan bidiyon babu sunan ko ɗaya daga cikin matan, sai sunan wani George Balanchine wanda ya mutu tun 1983. Kiɗan ba nasa ba ne, na Tchaikovsky ne. Ba shi ke rawar ba. To me ya yi da har ake cewa rawar tasa ce? A ganina wanda ya zubar da gumi shi ke da rawa. Wanda ya sani ya fahimtar da ni don Allah.

Sadiq_KD:
Wa alaikumus salam. Shi ne mai tsara rawar, Anti Hauwa. Kamar mai zana gida da magina. Magina ke ɗaukar bulo, amma idan gida ya yi kyau ana tambayar wa ya zana.

Hauwa_Tudunwada:
Na ji, Sadiq. Amma zanen gida yana kan takarda, ko magina sun watse yana nan. Rawa fa? Da an sauke labule ta ƙare.

Malam_Isiyaku:
'Yata Hauwa, tambayarki ta tuna min da ƙuruciya. Na yi karatun injiniya a Leningrad a shekarun 1980, garin da yanzu ya koma sunansa na da, St. Petersburg. A can aka haifi wannan mutumin a watan Janairun 1904. Ainihin sunansa Giorgi Balanchivadze, mahaifinsa Meliton mai tsara kiɗa ne ɗan ƙasar Jojiya ta yankin Kokeshiya, ba jihar Jojiya ta Amurka ba. Yana ɗan shekara 9 aka sa shi a makarantar rawa ta fadar sarkin Rasha. Shekara huɗu bayan nan juyin juya halin 1917 ya zo, aka shiga yunwa da sanyi, har ya riƙa kaɗa fiyano a gidajen sinima don ya samu na abinci. Wannan fiyano ku riƙe shi, don nan ne bakin zaren. Bayan makarantar rawa ya shiga babbar makarantar kiɗa ta garin ya yi karatu na sosai. Yana karanta takardar kiɗa kamar yadda kike karanta wannan saƙo nawa.

Gidan wasan da ya taso a ciki, a zamaninmu Kirov ake ce masa, yanzu Mariinsky. Wani abokin karatuna ɗan Rasha ya ja ni can sau ɗaya. Na tafi ina ganin ɓata lokaci ne, na fito ina mamakin yadda mutum talatin za su ɗaga ƙafa lokaci guda kamar jiki ɗaya. Dole akwai wanda ya zauna ya ƙirga wannan, taku bayan taku. Wannan shi ne aikinsa.

Abu_Sumayya:
Ni dai ban ga abin da ya haɗa mu da wannan ba. Rawa ce ta wasu mutane da al'adarsu da shigarsu da ba irin tamu ba. Ga matsaloli sun yi mana yawa.

Malam_Isiyaku:
Gaskiya ne, Malam Abu Sumayya, ba al'adarmu ba ce, kuma ba wanda ya ce a kwaikwaya. Sanin yadda wasu suka gina abinsu har ya yi ƙarko shi ne abin da nake ganin amfaninsa. Wanda bai da sha'awa ba laifi ya wuce.

DanBronx77:
Ni a New York nake, ina tuƙin tasi. Duk ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba ba ka raba ni da kai fasinja Lincoln Center, wata babbar cibiyar wasanni, iyaye da 'ya'yansu mata an yi musu kwalliya, za su kallon wani wasan bale mai suna Nutcracker. Kowace shekara sai an yi, kusan kullum har tsawon wata guda da 'yan kwanaki. A allon talla sunansa ne a sama da sunan wasan. Shi ya ƙirƙiro wasan ai.

Zainab_Littafi:
@DanBronx77 ɗan gyara kaɗan, Yaya. Ba shi ya ƙirƙiro Nutcracker ba. An fara yin sa a St. Petersburg a 1892, shekara 12 kafin a haife shi, Marius Petipa da Lev Ivanov ne suka tsara. Ko a Amurka ma San Francisco ta riga, a 1944. Nasa tsarin ya fito a 1954, kuma shi ne ya yi farin jinin da ya sa wasan ya zama al'adar lokacin Kirsimeti a faɗin ƙasar. Shi kansa yana yaro ya taka rawa a cikin na Rasha, don haka abin da ya tuna ne ya sake ginawa.

DanBronx77:
Na gode da gyara, ƙanwata. Ni allon talla kawai nake gani ta gilashin mota.

Zainab_Littafi:
Anti Hauwa, tunda Serenade kika kalla, bari in ba ki labarinta, don ina ganin yana goyon bayanki ta wani ɓangaren, yana kuma rushe maganarki ta wani.

Ya bar Tarayyar Sobiyet a 1924 shi da wasu 'yan rawa uku da sunan yawon wasa a Jamus, ba su koma ba. Sergei Diaghilev, mai ƙungiyar Ballets Russes, ya ɗauke shi aiki, shi ne ma ya gajarta masa suna ya koma Balanchine. A nan ya yi Apollo a 1928 da kiɗan Stravinsky, yana ɗan shekara 24. Diaghilev ya mutu a 1929 ƙungiyar ta watse. A 1933 wani matashi ɗan masu kuɗi daga Boston, Lincoln Kirstein, ya same shi a Landan ya ce ya zo Amurka su kafa ƙungiya. Amsar da ya ba shi ta shahara: makaranta tukuna. Aka buɗe School of American Ballet a Janairun 1934.

Serenade ita ce rawa ta farko da ya tsara a Amurka, kuma ɗalibai ya tsara wa, ba ƙwararru ba. Dalilin da kika ga mata 17 shi ne, su ne adadin da suka zo aji a daren farko. Wata rana wata ta makara, ya sa makarar a cikin rawar, za ki ga wata ta shigo ita kaɗai bayan kowa ya tsaya tana neman gurbinta. Wata ta faɗi ƙasa, ya bar faɗuwar. Har yau duk inda ake Serenade a duniya sai wata ta makara, sai wata ta faɗi. To ki ga, jikin yaran nan ne ya ba shi kayan aiki. Amma sau nawa yara suka makara aji a duniya ba wanda ya ga rawa a ciki?

Hauwa_Tudunwada:
Kai! Wallahi na lura da wadda ta shigo a makare, har na ji tausayinta, na ɗauka labarin ne haka. Na gode Zainab. Amma kin ga abin da nake faɗa, ita yarinyar da ta faɗi, wa ya san sunanta yanzu?

Garba_Koroso:
Ku ba ni dama in sa baki, don ni na yi rawa da ƙafata. Na yi shekara shida a wata ƙungiyar Koroso a Kano. Akwai wani dattijo da ke tsara mana komai, shi zai ce kai shiga nan, kai ɗaga wancan a kafaɗa idan sarewa ta juya, ku biyu ku tsaya har kacau-kacau ɗin ƙafa ya yi shiru. Mu ake tafa wa, shugaban ƙungiya ake ba kuɗi da takardar yabo, shi kuwa ko sunansa ba a ambata a lasifika. Da ya rasu, cikin shekara biyu rabin abin da ya koya mana ya ɓace, kowa na cewa ba haka yake ba, haka yake. Har yau abin na ci min rai. Saboda haka ni idan na ji wata al'umma ta rubuta sunan mai tsara rawa a sama, ba na ganin zalunci. Mu da muke takawa mun san bambancin ranar da yake wurin da ranar da ba ya nan.

Sadiq_KD:
Allah ya jiƙansa. Wannan magana ta Malam Garba ta fi misalin da na kawo ƙarfi.

Nas_Rabi:
Ina bin ku tun ɗazu, kuma ina tare da Hauwa. Ana ta maganar baiwarsa, ba a maganar abin da matan suka biya. Irin jikin da yake so an san shi: doguwar ƙafa, dogon wuya, ƙaramin kai, babu tsoka ko kaɗan. Wannan ya zama ma'auni a makarantun rawa na Amurka da wajenta. Ɗaya daga cikin 'yan rawarsa, Gelsey Kirkland, ta rubuta a littafin tarihin rayuwarta na 1986 cewa ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙashin ƙirji ya ce yana son ya ga ƙashi. Wasu da suka yi aiki da shi sun musanta irin hoton da ta zana, amma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da yunwar ganganci ke yi wa yarinya 'yar shekara 15: al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, ƙafa ta riƙa tsagewa a hankali. Ba zan iya kallon wannan kyan ba tare da tuna wannan ba.

Sannan ku duba aurensa. Tamara Geva, Vera Zorina, Maria Tallchief, Tanaquil Le Clercq, duka huɗun 'yan rawa ne da yake tsara wa aiki. Mutumin da ke rabon matsayi a wurin aiki shi ne kuma ke neman aure a wurin. Wace yarinya ce za ta iya cewa a'a hankalinta kwance?

Malam_Isiyaku:
Hajiya Rabi ba ki faɗi ƙarya ba. Akwai ma wanda ya fi waɗannan muni. Suzanne Farrell, wata 'yar rawarsa wadda ya girme ta da shekara 41, ya so ta aure shi. A 1969 ta auri wani ɗan rawa na ƙungiyarsa ta New York City Ballet, Paul Mejia. Sai aka fara cire mijin daga wasanni, ƙarshe su biyun suka bar ƙungiyar. Ta tafi Beljiyam wurin wani mai tsara rawa, Maurice Béjart, ba ta dawo ba sai 1975. Wannan amfani da iko ne a inda bai dace ba, ko wane ne ya yi.

Amma a yi masa adalci a kan Le Clercq. A 1956 suna yawon wasa a Turai cutar shan-inna ta kama ta a Copenhagen, tana da shekara 27, ba ta sake tafiya da ƙafarta ba. Ya ajiye aiki kusan shekara guda yana jinyarta, yana motsa mata ƙafafu da hannunsa da fatan za su tashi.

Nas_Rabi:
Haka ne Baba, ya yi jinya. Kuma shi ne ya sake ta a 1969 saboda Farrell. Duka biyun shi ne.

Labarinta yana taɓa ni ta wata fuskar. Allurar rigakafin ta fito a 1955, abokan aikinta sun karɓa kafin tafiyar, ita ta ɗage nata zuwa wani lokaci. Na yi shekaru ina bin gida-gida da ɗigon rigakafin shan-inna kafin a ce Najeriya ta rabu da cutar a 2020, kuma jinkiri irin wannan na sha ganin abin da ya haifar.

Ummi_Bauchi:
Allah sarki. Shekara 27.

Dan_Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa. Mu a Nijar idan aka ce bale, abin da ke zuwa mana a rai daban ne, ƙungiyar rawar gargajiya ce da ake shirya wa dandamali. Sunan ya bazu a ƙasashe rainon Faransa tun daga Les Ballets Africains da Fodéba Keïta na Gini ya kafa. Kuma wannan Béjart da Malam Isiyaku ya ambata, shi ne suka buɗe makarantar Mudra Afrique a Dakar a 1977 tare da shugaba Senghor, Germaine Acogny ta shugabance ta. Tambayata ita ce, shi Balanchine ya taɓa yin aiki da baƙar fata, ko rawarsa ta farare ce zalla?

Zainab_Littafi:
Ya yi, Malam. A 1940 ya yi aiki da Katherine Dunham, baƙar fata 'yar rawa, da ƙungiyarta a wani wasan Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York. Amma babban labarin shi ne na Arthur Mitchell, baƙar fata ɗan unguwar Harlem ta New York, wanda ya shiga New York City Ballet a 1955. A Disambar 1957 Balanchine ya fitar da Agon, kiɗan Stravinsky, ya haɗa Mitchell da wata farar mace, Diana Adams, su biyu kaɗai a dandamali, yana riƙe ta yana juya ta. Ku tuna a Satumbar wannan shekarar sai da shugaba Eisenhower ya tura sojoji Little Rock kafin yara baƙaƙe tara su iya shiga makarantar sakandare. A irin wannan yanayi ya yi haka. Bayan an kashe Martin Luther King a 1968, Mitchell ya koma unguwarsu ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969, Balanchine ya ba su izinin yin rawoyinsa.

DanBronx77:
Makarantar rawa ta Dance Theatre of Harlem tana nan har yanzu a titi na 152, ina wucewa ta gabanta. Amma a faɗi gaskiya, namiji ɗaya ba ya nufin ƙofa ta buɗe. Mata baƙaƙe sun daɗe a waje. Sai a 2015 Misty Copeland ta zama baƙar mace ta farko da ta kai babban matsayi a American Ballet Theatre, ita ma wata ƙungiyar ce daban ba tasa ba.

Nas_Rabi:
Kuma ma'aunin jikin da na yi magana a kai yana cikin abin da aka riƙa fakewa da shi ana mayar da su.

Hauwa_Tudunwada:
Na ƙaru sosai, amma mun yi nisa da tambayata. Har yanzu ina son wani ya nuna min abu ɗaya da zan kalla in ce wannan hannun Balanchine ne, ba na mai kiɗa ba, ba na mai rawa ba.

Malam_Isiyaku:
To 'yata, nemi Concerto Barocco, ya yi ta a 1941. Kiɗan Bach ne na goge biyu. Ya fito da mata biyu a gaba. Idan goge ɗaya ya fara, ɗaya ta motsa, idan na biyu ya amsa, ɗayar ta bi, idan sautin ya sarƙe su ma su sarƙe. Babu sarki, babu gimbiya, babu labari, babu adon dandamali. Kafin shi, abin da aka saba a manyan wasannin Petipa shi ne labari mai tsawon awa uku da kaya masu nauyi. Shi ya tuɓe duk wannan, har ya kai ga a wasu rawoyin kamar Agon da The Four Temperaments kayan atisaye baƙi da fari kawai ake sawa. Ya ƙara sauri, ya bar ƙugu ya karkace daga tsakiya, abin da malaman da suka koyar da shi za su kira kuskure. Abin da yake so shi ne ki ga kiɗan da idonki. Ki kashe sautin ki kalla minti biyu, sannan ki kunna. Za ki gane abin da nake nufi da fiyano ɗazu.

Garba_Koroso:
Wannan na gane shi sarai. Mai tsara rawa na ƙwarai kunnensa ya fi ƙafarsa aiki.

Sadiq_KD:
Na karanta cewa har giwaye ya tsara wa rawa. Gaskiya ne?

Zainab_Littafi:
Gaskiya ne, a 1942, giwaye 50 na ƙungiyar wasan Ringling, kuma Stravinsky ne ya rubuta kiɗan. A shekarun nan ba shi da tsayayyar ƙungiya, yana aikin Broadway da Hollywood da duk abin da ya samu. New York City Ballet ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1948, shekara 15 bayan zuwansa. A 1962 ya kai ta Tarayyar Sobiyet, komawarsa ta farko cikin shekara 38, suna can rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya tashi.

Kan maganar Anti Hauwa ta farko cewa rawa ba ta kan takarda: akwai hanyoyin rubuta ta, kamar wadda Rudolf Laban ya fitar a 1928, amma ba su ne ke riƙe da aikinsa ba. Ya bar rawoyi sama da 400, ya yi wasiyyar da yawa daga cikinsu ga mutanen da suka yi aiki da shi, Le Clercq na cikin waɗanda suka samu kaso mafi girma. A 1987 aka kafa wata gidauniyar amana da sunansa. Duk ƙungiyar da ke son yin rawarsa, a Paris take ko a Tokyo, sai ta nemi izini, sannan a turo mata wani tsohon ɗan rawa da ya taka ta ya koyar da su daga jiki zuwa jiki. Farrell ɗin nan da ya ɓata wa, ita ma ta shafe shekaru tana wannan aikin.

Hauwa_Tudunwada:
To ai kin dawo kan maganata, Zainab. Ashe rawar a jikin matan take zaune. Ba don sun riƙe ta ba, da ta bi shi kabari kamar ta dattijon su Malam Garba.

Garba_Koroso:
A jikinmu tamu ma take zaune, Hajiya, amma ta ɓace. Bambancin shi ne su an san ta wane ce, shi ya sa akwai wanda zai tsaya ya ce ba haka ya tsara ba, a gyara.

Nas_Rabi:
Ni dai da za a bi tawa, a rubuta sunansa, a rubuta na waɗanda aka fara tsara rawar a jikinsu a gefensa, da harafi girma ɗaya.

Malam_Isiyaku:
A takardar shirin wasa ta ƙungiyarsa ana rubuta waɗanda suka fara taka kowace rawa, Hajiya Rabi, sai dai da ƙananan haruffa a ƙasa. Masu ɗora bidiyo a intanet ne ba sa kwafowa.

Ummi_Bauchi:
Baba Isiyaku, wace cuta ce ta kashe shi? Na ga an ce ya daɗe a asibiti.

Malam_Isiyaku:
Wata cutar ƙwaƙwalwa ce da ba a cika samu ba, Creutzfeldt-Jakob, sai bayan mutuwarsa likitoci suka gano ita ce. Abin da ya fara rasawa shi ne daidaiton tsayuwa, mutumin da ya yi rayuwarsa yana nuna wa mutane yadda za su tsaya a ƙafa ɗaya. Daga baya gani da ji suka raunana. Ya mutu ranar 30 ga Afrilun 1983 yana da shekara 79.

Hauwa_Tudunwada:
Baba, na nemo Concerto Barocco na kashe sautin kamar yadda ka ce. Na ga matan biyu suna amsa wa juna tun kafin in kunna. Akwai wani wuri a tsakiya da namiji ya shigo yana ɗaga ɗayar sama a hankali yana saukewa, sau da yawa a jere. A nan goge na biyun ina ya tafi? Ita ɗayar ta fita daga dandamali amma ina jin sautinsa.

Malam_Isiyaku:
Kalli 'yan mata takwas ɗin da ke bayansu, 'yata, ki gaya min abin da kika gani.